Takarda ta ce matatar gari lafiya lau, kifi kuma yana mutuwa a gangare: ina gaskiyar take?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana ruwa da ke cikinmu. Ƙaramin gari ya gina matatar gurɓataccen ruwa. Ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke duk can yake taruwa, a tace shi, a sake shi cikin kogi. Ana awo a kai a kai, takarda tana nuna ruwan ya cika ƙa'ida. Amma da rani ya yi nisa, sai mutanen gangare su wayi gari su tarar da kifi ya taso sama yana haki, wani ma ya riga ya juya ciki. Ruwan ya yi kore, duwatsu sun yi santsi. Abin da ya ɗaure min kai, a bakin bututun da ruwan ke fitowa ba a ganin komai, sai an yi tafiya mai nisa. To ko dai takardar ta ƙarya ce, ko kuma ba matatar ba ce mai laifi. Wanne ne?

Masunci:
Wa alaikumus salam. Ruwa ba ya tsami banza. Mu da ke kwana a bakin ruwa mun san lokacin: da asuba ne, kafin rana ta fito. Da hantsi sai ka ga waɗanda suka rayu sun koma ƙasa kamar ba a yi komai ba. Masu awo kuwa sai rana ta take suke isowa da kwalabensu.

Akanta:
Ni dai kada a yi saurin ɗora wa matata. Garin da ya yi ƙoƙarin ginawa shi ake zagi, wanda ke zuba nasa ɗanye a rafi babu mai ce masa uffan. Gonakin da ke gefen kogin fa? Takin zamani ba ya gangarowa?

Injiniyan Ruwa:
Malam Ɗan Gangare, akwai amsa ta uku da ba ka sa a lissafi ba: takardar gaskiya ce, kuma matatar ce mai laifi.

Awon da aka fi dogara da shi sunansa BOD. Ana ɗibar ruwan a rufe a kwalba kwana 5 a zafin digiri 20, a ga yawan iskar oksijin da bakteriya suka shanye wajen cinye dattin da ke ciki. A 1912 wani kwamitin masarautar Birtaniya kan ruwan ƙazanta ya ba da shawarar kada BOD na ruwan da aka tace ya wuce miligiram 20 a lita, gwiɓar da ke yawo a ciki kuma kada ta wuce 30. Ƙasashe da yawa sun kwafi waɗannan lambobi ko makusantansu. Abin da aka bari a baya shi ne sharaɗin da ya zo tare da su: kogin da za a zuba wa ruwan ya ninka shi aƙalla sau 8. Lambar ta yi ta yawo a duniya, sharaɗin ya tsaya a gida.

Babban birni yawanci a bakin babban kogi ko teku yake. Ƙaramin gari kuwa sau da yawa ɗan rafi gare shi, wanda da rani tsallake shi ake yi. Mu ƙaddara gari mai mutum 10,000, kowa na zubar da lita 150 a rana. Wajen lita 17 ke nan a kowace daƙiƙa, dare da rana, rani da damina. Idan kogin na kawo lita 2,000 a daƙiƙa, ba wanda zai ji ɗuriyar matatar. Idan ya ja baya zuwa lita 50, to rubu'in abin da ke wucewa ta gaban mutanen gangare daga bututun nan ya fito. Matatar ba ta canza ba, kogin ne ya canza.

Ɗan Gangare:
Na gane wannan, Injiniya. To me ya sa ba a bakin bututun ake ganin ɓarnar ba?

Injiniyan Ruwa:
Saboda bakteriya sai sun ɗauki lokaci suna ci, ruwan kuma tafiya yake. Suna cin sauran dattin suna shan oksijin, iska tana mayarwa ta saman ruwa a hankali. Inda shan ya fi mayarwar rinjaye, nan oksijin ke faɗuwa ƙasa warwas, kuma wurin kan iya zama tafiyar yini ɗaya ko fiye ga ruwan. Masana Streeter da Phelps sun fitar da lissafin wannan tun 1925 daga binciken kogin Ohayo a Amurka, har yau shi ake fara koya wa ɗalibai. Wanda ya tsaya a bakin bututu yana neman mataccen kifi, ya tsaya a wurin da ba nan ba.

Malamar Kimiyya:
In ƙara a kan abin da Injiniya ya faɗa, don maganar Malam Masunci ta asuba ita ce mabuɗin. Ruwa mai sanyin digiri 20 iyakar oksijin da yake riƙewa wajen miligiram 9 ne a lita. A digiri 30 bai wuce 7.5 ba. Ke nan lokacin da kogi ya fi ƙanƙancewa, lokacin ne kuma ya fi zafi, ya fi ƙarancin iska, bakteriya kuma sun fi kuzari.

Sai gansakuka ta shigo. Ruwan matata yana ɗauke da naitirojin da fosfaras, wato taki. Gansakuka ta samu, ta yi kore shar. Da rana tana fitar da oksijin har ya yi yawa, wanda ya auna da azahar zai rubuta cewa kogin nan ya fi ko'ina lafiya. Da dare ba hasken rana, ta daina fitarwa amma ba ta daina sha ba. Ita sha, bakteriya sha, kifi sha. Kafin gari ya waye an kai ƙasa. Yawancin kifaye suna fara wahala idan aka sauko ƙasa da miligiram 5, a 2 kuwa sai masu taurin rai.

Masunci:
Allah ya saka da alheri, Malama. Shekara da shekaru muna faɗa ana ce mana guba wani ya zuba.

Akanta:
To ai maganata ta fito. Naitirojin da fosfaras, ba su ne ke cikin takin gona ba? Yaya aka yi aka san na matata ne?

Malamar Kimiyya:
Tambayarka a kan hanya take, Malam Akanta, kuma a koguna da yawa gona ta fi gari laifi idan aka haɗa lissafin shekara. Amma dubi lokaci. Takin gona sai ruwan sama ya wanko shi, lokacin kogi a cike yake yana gudu. Na matata kullum yana zuba, har a watannin da ko ɗigo bai sauka ba, kuma fosfaras ɗinsa narkakke ne, wanda gansakuka ke ɗauka nan take. Idan kogi ya yi kore a tsakiyar rani, bututu za a fara dubawa. Hanyar rabewa mai sauƙi ce: a auna sama da bututun, a auna ƙasa da shi, rana ɗaya.

Game da ƙarfin fosfaras kuwa, a 1973 David Schindler da abokan aikinsa sun raba wani tafki biyu da labule a yankin tafkunan gwaji na Ontariyo a Kanada. Ɓangarorin biyu aka zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Wannan ɗayan ne ya rikiɗe ya yi kore, ɗaya gefen labulen yana nan garau.

Tsohon Ma'aikaci:
Ina ta karanta ku, 'ya'yana. Duk abin da kuka faɗa haka yake, amma kuna magana kamar matatar na aiki yadda aka zana ta a takarda. Ni na yi aiki a cikin irinta har na yi ritaya, bari in gaya muku yadda dare yake.

Injin hura iska shi ne ran matata irin ta zamani, kuma shi ke cinye kusan rabin wutar da ake biya, wani wurin ma fiye. Idan kuɗi suka yi ƙasa, shi ake fara kashewa da dare. Ruwan tanki mai lafiya launin ƙasa-ƙasa gare shi, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka kashe iska na wasu sa'o'i, ka dawo ka same shi ya fara duhu, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, gwiɓa ta taso tana bin ruwa tana ficewa ta saman kwata. Da safe a tayar da inji. Ranar da za a zo ɗibar samfur kuwa kowa ya sani tun mako guda kafin nan. Ba wanda ya rubuta ƙarya, kwalbar da aka kai ɗakin gwaji tsabtatacciya ce. Kwalba ɗaya ce dai a cikin wata guda.

Kuma a ƙaramin gari mutum ɗaya ne ke kula da matata, shi ne na famfon ruwan sha, shi ake kira idan bututu ya fashe a kan titi. Idan ya kwanta rashin lafiya, matata ta kwanta tare da shi.

Injiniyan Ruwa:
Baba, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wannan tsari na hura iska, Ardern da Lockett suka fito da shi a Manchesta a 1914, kuma ya yi wa birane aiki. Amma yana son wuta ba yankewa, da kayan gyara, da ƙwararre a kusa. A sayar wa gari mai mutum dubu biyar irinsa, a yanke kyalle a yi hoto, shekara kaɗan ka dawo ka tarar ruwa na shiga ta nan yana fita ta can yadda ya shigo. Ni a ganina wannan ya fi rashin matata muni ta wata fuska, domin da can ƙazantar a warwatse take a ramukan gidaje, yanzu an tattaro ta an miƙa wa kogi a wuri guda.

Akwai kuma abin da takarda mai BOD kaɗai ba ta nunawa: amoniya, sinadarin naitirojin da ke fitowa daga fitsari da bayan gida. Bakteriyar da ke sarrafa ta jinkirin hayayyafa gare su, su ne farkon mutuwa idan iska ta yanke. Mu koma lissafinmu na ɗazu. Ruwan matata ya fito da miligiram 20 na amoniya a lita, ya haɗu da kogi mai lita 50, sakamako wajen miligiram 5. Kowane miligiram ɗaya yana cin oksijin kusan miligiram 4.6 kafin ya narke. Ku lissafa da kanku, ku tuna oksijin wajen miligiram 8 kawai ruwan yake riƙewa a lita.

Malamar Kimiyya:
Kuma ita kanta guba ce ga kifi, ba sai ta cinye iska ba. Yawan ɓangarenta mai guba ya danganta da pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. A zafin digiri 25, idan pH yana 7 bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 9 ya haura kashi 30. Me ke ɗaga pH da rana? Gansakukar nan dai. Kifi ya sha guba da yamma, ya rasa iska da asuba.

Akanta:
Duk na ji. Amma wa zai biya? Kuna magana kamar kuɗi a ƙasa ake tsinta. Matatar birni mutum miliyan ke raba kuɗinta, ta ƙaramin gari mutum dubu kaɗan, kuma yawanci ba su ne masu hali ba. Sannan amfanin gyaran ba su zai je wa ba, mutanen gangare zai je wa, waɗanda ba sa biyan haraji a garin kuma ba sa zaɓen shugabansa. Ku faɗa min shugaban da zai ƙara wa masu zaɓensa kuɗin ruwa don kifin wani gari.

Ɗan Gangare:
Malam Akanta, mu ma ai biya muke yi. Da lafiyarmu da abincinmu muke biya, rasit ne kawai ba a ba mu.

Mai Kula da Zaure:
A yi haƙuri da juna, jama'a. Maganar kowa na da gurbi. Injiniya, akwai mafita mai sauƙin kuɗi ko babu?

Injiniyan Ruwa:
Akwai, ranka ya daɗe, kuma abin da ƙaramin gari ya fi birni shi ne fili. Tafkunan tacewa a jere: na farko mai zurfi, mita 3 zuwa 5, gwiɓa ta kwanta ta ruɓe. Na biyu marar zurfi, gansakuka ta ba bakteriya iska kyauta. Na ƙarshe wajen mita ɗaya, rana ta ratsa ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa ya yi makonni yana tafiya a hankali, ba inji, ba wuta. A ƙasashe masu zafi ma sun fi aiki. Dubban ƙananan garuruwa a Amurka da su suke amfani.

Sai kuma fadamar da ake ginawa da hannu, wadda Käthe Seidel ta fara gwajinta a Jamus a shekarun 1950. Faransa ta ƙware a wani nau'inta: gadaje na tsakuwa da yashi da aka shuka wa ciyawar fadama, a kwararo ɗanyen ruwan ta sama, ya tsiyaye ƙasa. Wajen murabba'in mita 2 ga kowane mutum, gwiɓar da ta taru a sama kuma sai bayan shekara 10 ko fiye ake kwashewa. Ƙauyuka dubbai ke amfani da shi a can, kuma yana maganin amoniya sosai.

Kada dai in yi muku daɗin baki. Fosfaras duka biyun ba sa cire shi yadda ya kamata, sai an ƙara sinadarin ƙarfe ko alif. Tafki kuma ruwansa kan fito da gansakuka a ciki, wadda in ta mutu a kogi ita ma iska za ta ci.

Tsohon Ma'aikaci:
Kuma "ba inji" ba ya nufin "ba aiki". Na ga tafkin da aka bari ciyawa ta cinye gefensa, sauro ya mai da shi gida. Na ga wanda gwiɓa ta cika har ta zama tsibiri, tsuntsaye na sauka a kai, ruwan da aka ce zai yi kwana 20 yana ratsawa ta gefe ya fice a kwana biyu. Sanda doguwa kawai ake buƙata, a naɗe ta da farin tawul a tsoma har ƙasa, a ga inda baƙi ya tsaya. Idan gwiɓa ta kai sulusin zurfin, lokacin kwashewa ya yi. Abin da ke hana yi ba ilimi ba ne, ba a taɓa ware kuɗinsa a kasafi ba ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kun daɗe a kan kifi, ku bar ni in yi maganar mutane. Ruwa zai iya fita garau, BOD ƙasa, amoniya ƙasa, amma cike da ƙwayoyin cuta, domin tacewar da bakteriya ke cinye datti ba don kashe su aka tsara ta ba. Yaran gangare a ciki suke wanka, wasu garuruwan daga nan suke jan ruwan sha. Masu cewa a zuba kulorin a huta, su sani akwai ƙwayar kiriftosforidiyom da kulorin ba ya yi mata komai a yawan da aka saba zubawa. Ita ce ta kwantar da mutum wajen 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993, ta ruwan famfo. Fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, na maganinta, amma sai ruwan ya yi haske kuma ana goge fitilun.

Injiniyan Ruwa:
Gaskiya ne, Hajiya. Kulorin ɗin ma in ba a cire ragowarsa kafin a saki ruwan ba, shi da kansa yana kashe kifi. A nan tafkuna suka yi zarra: ƙwan tsutsar ciki nauyi gare shi, yana nutsewa ƙasa ya zauna.

Mai Lambu:
Ni tambayata dabam ce. Kun ce abin da ke kashe kogi taki ne. Mu kuma taki muke saye da tsada, ruwa muke nema da rani. Me ya sa ba za a juyo mana bututun ba a bar kogin ya huta?

Malamar Kimiyya:
Ana yi, Malam, kuma a wurare masu ƙarancin ruwa yana cikin mafi hankalin abin da za a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 1989: ruwan da za a ba kayan lambun da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsa 1 a lita, da bakteriyar bayan gida 1,000 a mililita 100. A 2006 ta sake fasali, ta ce a haɗa matakai: tacewa, yadda ake ban ruwan, tsayar da shi kwanaki kafin girbi, wanke kayan. Sharaɗi babba, kada ruwan majema ko na wata masana'anta ya shiga bututun gari, don ƙarfe mai guba ba ya ruɓewa, a ƙasar gonarka zai tare.

Masunci:
To in kun kwashe ruwan duka zuwa lambu, mu da rani me zai rage a kogin? Wani wurin ruwan matatar nan shi ne kogin.

Injiniyan Ruwa:
Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya. Akwai rafukan da in aka ɗauke bututu za su bushe ƙaf. Shi ya sa nake cewa lasisin matata daga kogi ya kamata a fara rubuta shi, a dawo baya zuwa bututu. A Amurka, ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, jihohi da yawa suna lissafi da mafi ƙarancin gudun kogi na kwana 7 a jere da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 10. Gari biyu masu girma ɗaya sai ka ga an ba su iyaka dabam, saboda kogunansu ba ɗaya ba ne. Tarayyar Turai kuma a dokarta ta 1991 ta fara wajabta tacewa daga garuruwa masu nauyin mutum 2,000, a gyaran 2024 ta sauko zuwa 1,000, da wa'adi zuwa 2035.

Ɗalibar Jami'a:
Malamaina, a ba ni dama. Magungunan da muke sha fa? Malaminmu ya ba mu labarin gwajin da aka yi a tafkunan nan na Ontariyo, aka riƙa zuba sinadarin ƙwayar tsarin iyali, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a lita (nanogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na miligiram). Mazan wani ƙaramin kifi suka fara nuna alamun mata, cikin 'yan shekaru irinsa ya kusa ƙarewa a tafkin. An wallafa a 2007. Tafki ko fadama za su cire wannan?

Malamar Kimiyya:
Suna rage wasu, ƙanwata, wasu kuma su wuce. Cirewa sosai sai da iskar ozon ko gawayi na musamman. Suwizalan ta fara wajabta haka a 2016, amma ga zaɓaɓɓun matatu, ciki har da waɗanda ruwansu ya yi wa kogin da suke zubawa yawa. Kin ga an sake dawowa kan girman kogi. Ni dai ra'ayina, garin da bai iya tsayar da injin iska da dare ba, kada a fara masa da ozon.

Akanta:
Yauwa, yanzu muka hau layi ɗaya. Har yanzu dai ba wanda ya amsa min wa zai biya. Turai ta ce kamfanonin magani da na kayan kwalliya su ɗauki aƙalla kashi 80 na kuɗin wancan mataki na cire ragowar magunguna. To na kwashe gwiɓa da albashin ma'aikaci na biyu fa?

Tsohon Ma'aikaci:
Garuruwa huɗu ko biyar da ke kan kogi ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre ɗaya da motar kwasa ɗaya, ya riƙa zagayawa. Na gangare ma su sa hannu, a ba su kujera a kwamitin da damar shiga matata ba tare da sanarwa ba. Ɗan Gangare, kai kuma kafin ku je da ƙorafi, ku nemi aron na'urar auna oksijin ta hannu. Ku auna a wuri uku: sama da bututu, ƙasa da shi kaɗan, da inda Masunci ya ce kifi na tasowa. Ƙarfe biyar na asuba da ƙarfe uku na rana, kwanaki a jere, ku rubuta zafin ruwan ma. Sannan ku roƙi a nuna muku takardar kuɗin wutar matatar ta watannin, ba takardar awo ba.

Akanta:
Takardar wuta? Baba, wannan kam aikina ne. In an samo a turo min.